Da Na Taɓa Sanda Sai Jirgin Ya Zabura

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na yi shekara guda ina tuƙa jirgin rimot na koyo. Kwanan nan na sayi Extra 300 na soso mai faɗin fiffike mita 1.2 don in fara koyon wulƙitawa a sama. Amma da na ɗan taɓa sandar rimot sai ya zabura, har ya faɗi sau biyu. Na rage motsin zuwa kashi 40 a rimot, duk da haka bai natsu ba. Ina matsalar take? Daga mai karatunku a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sannu da wannan asara, na san zafinta. Ka sauka daga jaki ne ka hau ingarma. Extra 300 na ainihi, wanda Walter Extra ya ƙera a Jamus, don wasan juyi aka yi shi, kuma ɗan ƙaraminsa ya gaji faffaɗan ƙyaure, wato ɓangaren da ke motsi yana juya jirgi, a fiffike da wutsiya. Ɗan motsi kaɗan ya ishe shi ya kifa.

Rage lamba a rimot da ka yi, nan ne ba mu yi daidai ba. Idan ka matse sarbo, wato ɗan injin da ke motsa ƙyaure, zuwa kashi 40, ka zubar da fiye da rabin tafiyarsa, sai ɗan lakakan da ke cikin haɗin sarbo da ƙyaure ya zama babba a wurin ƙyaure. Gyaran na hannu ne. Mayar da rimot kashi 100, ka kunna shi, ka bar sarbo ya tsaya a tsakiya, sannan ka ɗaura hannunsa ya yi kusurwar digiri 90 da wayar turawa. Ka sa wayar a ramin ciki na hannun sarbo, a can ƙahon ƙyaure kuma, inda wayar ke maƙale wa ƙyauren, ka kai ta ramin waje. Da wannan motsi zai ragu, ƙarfi ya ƙaru. Kama ƙyauren da yatsa biyu ka girgiza. In yana lilo, ka ɗaure kafin ka tashi, domin a guje yana iya kaɗawa har ya yage. In ka kai sanda ƙarshe ka ji sarbo yana kuka, wani abu ya tokare shi, yana shan batir a banza.

Adadin da ke takardar jirginka shi ne gaba da nawa. In babu takarda, ga inda nake farawa: elebeta, wato ƙyauren wutsiya na kwance, digiri 10 zuwa 12 sama da ƙasa; elaron na fiffike digiri 12 zuwa 15; roda, na tsaye, wajen 25. Digiri 45 ɗin da kake gani a bidiyo na masu rataye jirgi a kan farfela ne, ba naka ba ne yanzu. Ko ba ka da ma'aunin digiri, rula ta isa: ƙyauren da faɗinsa milimita 50 ne, digiri 12 yana nufin bakinsa na baya ya ɗaga kamar milimita 10. Ka auna a wuri mafi faɗi, kuma gefe biyu su zo ɗaya.

Bayan haka ne rimot ke da aiki. A maɓallin D/R ka ajiye motsi biyu, ƙarami da babba, ka tashi da ƙarami. Sai ekspo, mai tausasa tsakiyar sanda ba tare da rage iyakar motsi ba. Kashi 25 zuwa 30 ya wadatar. Ka kula sosai a nan: a rimot ƙirar Futaba lambar da ke da alamar ragi ce ke tausasawa, a ƙirar Spektrum kuwa mai alamar ƙari. Kada ka yarda da lamba, ka motsa sanda a hankali kana kallon ƙyauren.

Akwai kuma abin da nake zargi fiye da komai a wasiƙarka, tunda ka rage har 40 bai natsu ba: nauyi ya koma baya. Jirgi mai nauyin wutsiya ba ya jin magana ko me ka saita. Ɗora shi a kan yatsu biyu ƙarƙashin fiffike, wajen kashi 25 zuwa 30 na faɗinsa na gaba zuwa baya, kana aunawa daga bakin gaba. In wutsiya ta rinjaya, tura batir gaba har hanci ya ɗan sunkuya.

Ranar gwaji ka fita da sassafe kafin iska ta taso, musamman a hunturu. Ka tsaya bayan jirgi: sanda dama, elaron na dama ya ɗaga, na hagu ya sauka, ka jawo sanda, elebeta ta ɗaga. Ni kaina na taɓa rasa jirgin da na yi wata biyu ina haɗawa saboda na tsallake wannan dubawa, elaron a juye, bai yi daƙiƙa biyar a sama ba. In ya hau can sama sosai, ka jawo elebeta gaba ɗaya ya yi da'ira. Idan fiffike ɗaya ya zube ya fice daga da'irar, elebeta ta yi yawa. Sauko ka rage milimita 1 ko 2. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a kowane tashi, kana rubutawa a littafi.