Amsar Kawu Kan Maza da Taurin Zuciya

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce an raba muku takardar tambayoyi a jami'a don auna yadda ɗalibi ke gane abin da ke ransa da na mutane, 'yan mata da masu karatun jinya suka fi ku 'yan injiniya maki, shi ne kake tambaya ko al'adarmu ce ta busar wa maza zuciya.

Shi wannan awo ba daɗaɗɗe ba ne. Wasu Amurkawa biyu, Peter Salovey da John Mayer, suka fito da zancen a 1990, sai wani marubuci, Daniel Goleman, ya yayata shi a 1995. Da yawa daga takardun nan kai ne mai ba da shaidar kanka: kana faɗin damuwarka? Kana nuna ƙauna a fili? To yaron da ya tashi da kawaici me zai ce? Zai ce a'a, a rage masa maki. Da kakarka za a ba takardar, faɗuwa za ta yi warwas, don har ta koma ga Allah ba ta kira sunan ɗanta na fari ba. Amma daga sallamarsa take gane ko ya ci abinci, ko an ɓata masa rai a kasuwa. Labarin zuciya ai fuska ake tambaya.

Sai dai ba zan wanke mu tas ba. Yarinya tun tana ƙarama take zaune cikin gida, tana goyon ƙanne, tana jin yadda ake rarrashi da yadda ake sasanta kishiyoyi. Namiji kuwa da ya faɗi sai a ce tashi, namiji ba ya kuka. Wannan magana ba ta addini ba ce. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu. Abin da ya hana shi ne fushi ya mallaki mutum, har ya ce mai fushi in yana tsaye ya zauna. Mu muka ɗauki danne zuciya muka bar tausayin, sai ka ga magidanci ya haɗiye magana shekara da shekaru, ranar da ta fashe ya yi saki uku.

Batun kwas kuwa, mai jinya kullum tana gaban marar lafiya, ku kuna gaban ƙarfe da lissafi. Sabo ne. Gobe kai za ka tsaya kan lebura hamsin da ba a biya su ba, lissafi ba zai fisshe ka ba.

Ka riƙa zuwa gaisuwar mutuwa da dubiya ko na abokan karatu ne, ka zauna, kada ka yi ta latsa waya. Abokin ɗakin naka da ka ce ya daina magana, kada ka tsare shi da tambaya. Ku ci abinci kwano ɗaya tukuna. Ka gaida babarka.