Tikitin tsayuwa ko na kujera?

Ɗan'uwa, ka tambaya wane tikiti za ka saya tunda uwargida ba ta taɓa zuwa wasan tsofaffin mawaƙan rock ba. Sayi na kujera. Ni da maiɗakina mun tsaya wajen awa uku a gaban dandamali cikin turmutsutsu, har ƙafafunta suka kumbura.

Ku riƙe abin toshe kunne. Ƙarar wurin takan haura desibel 100, alhali daga 85 kunne ke fara cutuwa idan aka daɗe.

Amma don Allah ka kai ta. Da aka kashe fitilu, jita ta fara kuka, dubban mutane suka amshi waƙar da muke saurare tun muna saurayi da budurwa, sai na ji ta damƙe hannuna tana rerawa.