Hawan Tsaunin Rainier a Lokacin Zafi: Me Ya Sa Ake Tashi da Tsakar Dare?

Tambaya: Ina zaune a Seattle ta Amurka, kuma ina son hawan Tsaunin Rainier a watan Yuli. Ina da ƙarfi, na saba tafiyar ƙasa. Me ya sa masu jagora suke cewa sai an tashi da tsakar dare, alhali lokacin zafi ne?

Amsa: Ɗan'uwa, ai zafin nan shi ne dalili. Rainier dutse ne mai aman wuta, tsayinsa mita 4,392, kuma manyan malalen ƙanƙara fiye da 20 ne suka lulluɓe shi. Wannan ƙanƙara ba ta ƙarewa don rana ta fito. Tana gangarowa ne a hankali, tana tsattsagewa, kuma wasu tsagogin zurfinsu ya fi na rijiya. Dusar da ta zuba a hunturu takan rufe bakinsu ta zama gada. Da dare gadar a daskare take, tana ɗaukar mutum. Da hantsi ya yi sai ta yi laushi, ta rufta da wanda ya taka. Haka ma duwatsun da ƙanƙara ta riƙe a gefen tsauni, ɗumi yana sakinsu su mirgino.

Shi ya sa akan bar Paradise, wurin da ake fara hawan a tudun wajen mita 1,650, a hau zuwa zangon Camp Muir da ke kusan mita 3,100, a ɗan runtsa, sannan a fita tsakiyar dare da tocila a goshi. Ana ratsa ƙanƙarar Cowlitz da ta Ingraham, a bi ƙashin dutsen da ake kira Disappointment Cleaver, a isa ƙoli da sassafe, a juyo kafin rana ta yi ƙarfi. A kan Ingraham ɗin nan ne tulin ƙanƙara ya ɓallo ya kashe mutum 11 a watan Yunin 1981. Duk inda jagora ya ce kada a tsaya, to kada ka tsaya, ko hoto ne ya ba ka sha'awa.

Ƙarfin da ka ambata zai yi maka amfani, amma bai isa ba. Sai ka koyi tafiya da ƙarafuna masu haƙora a ƙasan takalmi, da yadda za ka kafa gatarin ƙanƙara ka tsai da kanka idan ka zame, da tafiya a ɗaure da igiya tare da abokai. Wannan na ƙarshe shi na fi damuwa da shi. Igiya ba ta ceton kowa idan waɗanda ke riƙe da ita ba su san yadda ake fito da wanda ya faɗa tsaga ba. Tunda hawanka na farko ne, bi ƙwararrun masu jagora. Hukumar da ke kula da gandun da tsaunin yake ciki tana buƙatar takardar izini ga duk mai hawa kan ƙanƙarar.

Sai batun ƙarancin iskar shaƙa a can sama. Daga Seattle, bakin teku, za ka haura sama da mita 4,000 cikin kwana biyu ko uku, jiki bai gama sabawa ba. Ciwon kai da tashin zuciya sukan zo. Idan aka kai ga jiri, ko tangaɗi, ko numfashi ya gagara kana zaune, maganin shi ne sauka nan take. Kusan rabin masu gwadawa kowace shekara ba sa kaiwa ƙoli, kuma juyawa ba abin kunya ba ne.

Kada ka manta da hular kwano, da baƙin tabarau mai rufe gefen ido, domin hasken da ƙanƙara ke maidowa yana ƙona ido. Yuli zaɓi ne mai kyau: yanayi ya fi daidaita, gadojin ma ba su gama cinyewa ba kamar a ƙarshen Agusta, lokacin da akan gitta tsani a kan wasu tsagogin.