Tambaya da Amsa: Yaya Ake Gane Kamfanin da Ya Cancanci a Sayi Hannun Jarinsa?

Wasiƙa ta farko ta fito ne daga wani ɗan kasuwa a nan Abuja.

"Assalamu alaikum. Ni mai sayar da kayan gini ne a kasuwar Dei-Dei. Cikin shekara uku na tara naira miliyan huɗu, kuma ba na son in bar su a banki tsadar kaya tana cinye su. Wani abokina ya ce in sayi hannun jari, har ya rubuto mini sunayen kamfanoni biyar waɗanda ya ce farashinsu kullum tashi yake yi. Ta yaya zan gane wanda zai yi albarka a cikinsu?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Damuwarka tana kan hanya, domin a watan Disamba na 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, wanda ke nufin kuɗin da ya shekara a ajiye bai yi aiki ba ya rasa kusan rubu'in abin da zai iya saya. Sai dai ina roƙonka ka ninke takardar abokin naka ka sa a aljihu tukuna, domin tashin farashi labarin jiya yake bayarwa, kai kuwa gobe kake son saya. Da wani zai zo shagonka ya ce ka kawo miliyan huɗu ku haɗa jari a rumfarsa, na tabbata za ka tambaye shi me yake sayarwa, cinikin nawa yake yi a wata, wa yake binsa bashi, kuma wa ke riƙe da makullin akwatin kuɗi. Hannun jari ma haɗa jari ne, illa dai rumfar ta fi girma kuma ba kai za ka zauna a cikinta ba, saboda haka tambayoyin ba su canja ba.

Ka fara da abin da ka sani. Kamfanin Dangote Cement ya shiga kasuwar hannayen jari a 2010, BUA Cement kuma a watan Janairu na 2020, bayan an haɗe kamfanin siminti na Sakkwato da na Obu, ga kuma Lafarge Africa da ya daɗe a ciki. Kai da kake tsaye a Dei-Dei kana ganin tirelar da ake sauke kayanta su ƙare kafin azahar da wadda buhunanta ke kwana uku a jibge, kana jin koken dillalai, kana sanin lokacin da magina suka ja baya saboda tsada, ka riga mai zama a ofis samun labari. Wannan sani shi ne ƙofar shiga, amma bai isa hujjar saye ba sai ka haɗa shi da rahoton kuɗin kamfanin.

Duk kamfanin da ke kasuwar hannayen jari ta Najeriya, wato NGX, wajibi ne ya wallafa rahotonsa kowane wata uku, sannan ya fitar da na shekara wanda masu binciken kuɗi suka tantance, kuma ana samunsu kyauta a shafin kasuwar na intanet. Ka nemi na shekara biyar a jere, ka sa ɗanka ko wani akanta da ka amince da shi ya fitar maka da lambobi uku na kowace shekara: jimillar ciniki, ribar da ta rage bayan haraji, da tsabar kuɗin da harkar ta shigo da su. Idan ciniki ya ƙaru da kashi 15 a shekarar da farashin kaya ya tashi da kashi 30, to a haƙiƙa kamfanin ja da baya ya yi, ko da shugabanninsa suna ta shelar ci gaba. Idan kuma ribar tana da yawa a rubuce amma tsabar kuɗi ba ta shigowa, ka tuna da mai shagon da littafinsa ya cika da bashin 'yan kwangila: a takarda attajiri ne, amma ba zai iya biyan mota guda ta sabon kaya ba.

Daga nan sai bashi, kuma a nan nake son ka daɗe. Ka duba yawansa, sannan ka duba da wane kuɗi aka ci shi. A watan Yuni na 2023 Babban Bankin Najeriya ya sakar wa naira mara, dalar da ake saya a hukumance kan kusan naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Kamfanonin da ke ciniki da naira amma ake binsu da dala sai suka wayi gari bashinsu ya ninka ba tare da sun ƙara cin ko kwabo ba. MTN Nigeria ya bayyana asarar naira biliyan 137 a 2023, Nestlé Nigeria kuma kusan biliyan 79, alhali mutane ba su daina kiran waya ba, matan gida ba su daina jefa Maggi a tukunya ba. A shekarar kuma manyan bankuna da ke da ajiyar dala sun bayyana riba mai ɗimbin yawa, wadda wani ɓangare nata daga faɗuwar naira ya fito, kuma irin wannan riba ba ta maimaituwa kowace shekara. Wanda ya kalli lambar ƙarshe kawai zai iya gudun kamfani mai lafiya da ya yi tuntuɓe, ko ya rungumi ribar da iska ta kawo.

Ko kamfani ya tsallake duk wannan, saura farashi, domin kaya mai kyau ma ana iya sayensa da tsadar da za ta hana riba. Lissafin ba wuya. A misali, idan hannun jari guda naira 50 ne, kuma ribar da ta faɗo wa kowane hannu a shekara naira 10 ce, to ribar shekara biyar ka biya. Idan wani kamfani mai irin sana'ar yana kan naira 50 amma ribarsa naira 2 ce, ribar shekara ashirin da biyar ka biya, kuma dole ka sami ƙwaƙƙwaran dalilin da zai sa ka yarda cewa ribar tasa za ta ninka nan gaba. Ka kwatanta siminti da siminti, banki da banki, kada ka gwama su. Sannan ka duba ko kamfanin ya saba raba riba ga masu hannun jari shekara bayan shekara, kana tuna cewa ana cire harajin kashi 10 kafin kuɗin ya shigo asusunka. Kamfanin da ke jinkirta fitar da rahoto, ko yake yawan canja masu binciken kuɗinsa, ko kuma ake kwanaki ba a yi cinikin hannun jarinsa ba, ni dai ina kauce masa, domin ranar da ka so fita ba lallai ka sami mai saye ba.

Ina nanata waɗannan abubuwa ne saboda abin da idona ya gani. A 2007 na bi layi a wani reshen banki a Wuse da fom a hannu, tare da direbobi da malaman makaranta da 'yan fansho, kowa yana sayen hannun jarin banki domin na maƙwabcinsa ya ninka, kuma ban ga mutum ɗaya a layin nan da ya buɗe rahoton shekara ba. Wasu ma rance suka ci suka saya. Ma'aunin da ke nuna hawa da saukar farashin kasuwar gaba ɗaya ya haura maki 66,000 a watan Maris na 2008, bayan shekara guda ya dawo wajen 20,000, kuma a watan Agusta na 2009 Babban Banki a ƙarƙashin Sanusi Lamido Sanusi ya sauke shugabannin bankuna biyar saboda ruɓaɓɓen bashi, wanda kaso mai yawa nasa an bayar ne domin sayen hannayen jari. Na san dattijon da giratutinsa na shekara talatin da biyar ya narke a wannan guguwa, har yau takardun suna cikin wata jakar leda a ɗakinsa.

Saboda haka, Alhaji, kada ka taɓa jarin shago, kuma kada ka zuba kuɗin da za ka buƙata kafin shekara uku zuwa biyar. Ka raba miliyan huɗun nan tsakanin kamfanoni huɗu ko biyar masu sana'a daban-daban, ka riƙa saye kaɗan-kaɗan cikin watanni. Ka bi ta hannun dillali mai rajista da hukumar SEC mai sa ido kan kasuwar hannayen jari, wadda hedikwatarta tana nan tsakiyar Abuja kuma sunayen masu rajista suna shafinta, ka tabbata an buɗe maka asusun CSCS, inda ake ajiye hannayen jarin da ka saya, da sunanka, sannan ka cike fom ɗin da zai sa ribarka ta riƙa shiga asusun bankinka kai tsaye. Bayan haka sai ka ciro takardar abokinka ka auna kamfanonin biyar ɗaya bayan ɗaya.

Wasiƙa ta biyu daga wata malamar makaranta ce da ke Gwarinpa.

"Malam, ina sha'awar wannan harka, amma ina tsoron cin haram. Shin akwai hanyar zaɓen kamfani mai riba wanda kuma ya dace da shari'a?"

Akwai, Hajiya, kuma Allah ya saka miki da alheri da kika sa wannan a gaba. Tacewar hawa biyu ce. Da farko ana duba ainihin sana'ar kamfani, sai a fitar da masu giya, da caca, da taba, da bankuna da kamfanonin inshora da ke aiki da kuɗin ruwa. Na biyu ana duba lissafinsa. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain, wadda cibiyoyin kuɗin Musulunci da dama ke bin ƙa'idojinta, ta gindaya cewa bashi mai ruwa kada ya wuce kashi 30 cikin ɗari na darajar kamfani a kasuwa, kuma kuɗin shigar da ba na halal ba kada ya wuce kashi 5. Wannan ɗan kason ma ana lissafa shi a cire daga ribar da aka raba a yi sadaka da shi domin tsarkake saura.

Ba sai kin yi wannan aiki ke kaɗai ba. Tun 2012 kasuwar take da jerin NGX Lotus Islamic Index, wanda ya ƙunshi kamfanonin da suka tsallake tacewar, kuma ana sake duba shi lokaci-lokaci, domin kamfanin da ya dace bana yana iya cin bashin da zai fitar da shi baɗi. Bankin Jaiz, da ya fara aiki a 2012 da rassa a Abuja da Kaduna da Kano, shi ma ya shiga kasuwar a 2017. Abin da nake son ki riƙe shi ne halaccin kamfani bai zama tabbacin riba ba, saboda haka bayan kin tace, sai ki koma kan tambayoyin da na jera wa Alhaji a sama. Wani alfanu da ba a cika faɗa ba shi ne ƙa'idar nan ta bashi tana nisanta ki daga kamfanonin da rance ya yi wa katutu, waɗanda su ne suka fi jin jiki idan kuɗin ruwa ya tashi. Idan kuma hawa da saukar farashi zai hana ki barci, ki ajiye wani kaso a sukuk, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, na gwamnatin tarayya, wanda aka fara fitarwa a 2017 da naira biliyan 100 domin gina hanyoyi. Malamai suna da ɗan saɓani kan iyakokin nan, don haka ki kai wa malamin da kika aminta da shi ya duba miki.

Ta ƙarshe daga wani matashi mai hidimar ƙasa ce a Nyanya.

"Yallaɓai, an sa ni a wani zauren WhatsApp inda ake cewa hannun jarin wani kamfani da ke kan naira biyu zai ninka uku kafin sallah. Naira dubu hamsin gare ni. Ba gara in sayi mai araha in sami da yawa ba?"

Ƙanina, ƙanƙantar farashin hannu guda ba ita ce araha ba. Hannu 25,000 na kamfanin da bai ci riba ba cikin shekara huɗu bai kai hannu 100 na kamfanin naira 500 da ke raba riba kowace shekara ba, kuma idan kowannensu ya faɗi da rabi, dubu ashirin da biyar ɗinka ce ta tafi. Ka kuma tambayi kanka dalilin da zai sa wanda ya san sirrin ninka kuɗi ya raba shi ga ɗaruruwan mutanen da bai sani ba. Abin da aka saba yi shi ne masu zauren su riga kowa saye a hannun jarin da ba a cika cinikinsa ba, su zuga jama'a su shigo farashi ya tashi, sannan su sauke nasu a kan na baya. Idan kuma aka ce ka tura kuɗi wani asusu domin su juya maka da alkawarin riba tsayayya, to wannan ya bar batun hannun jari ya koma irin damfarar MMM da ya rufe a Disamba 2016 da CBEX da ya rushe a Afrilu 2025, kuma dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi hukunci mai tsanani kan masu gudanar da shi.

Dubu hamsin ta isa farawa. Ka buɗe asusu wurin dillali mai rajista, ka zaɓi kamfani guda wanda kake ganin kayansa a kasuwar Nyanya kullum, ka zauna da rahotonsa na shekara biyu a ƙarshen mako da biro da takarda. Ka sayi na dubu ashirin, ka rubuta dalilanka uku na saye a littafi tare da kwanan wata, sannan idan rahoton wata uku na gaba ya fito ka duba ko dalilan suna nan kafin ka ƙara sauran.