Amsa: Ƙanena na tsare a Texas

'Yar'uwa, Allah ya kawo mafita. Kin tambayi yadda za ki tallafa wa ƙanenki da ke kurkukun gunduma a Texas yana jiran shari'a.

Don Allah kada ku taɓo maganar laifin a waya, ana naɗar kiran. Ni ma sai da lauyan ɗan yayata ya ja mini kunne. Ki nemo lambarsa ta fursuna a shafin intanet na ofishin sherif (shugaban 'yan sandan gunduma), da ita ake zuba masa kuɗin sabulu, taliya da na waya. Idan ba ɗan ƙasa ba ne, kada ya amsa laifi sai lauya ya faɗa masa ko hakan zai jawo a kore shi daga Amurka.