Tambayoyinku: Kiran intanet na kyauta zai riƙe min aiki daga gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na samu aikin amsa kiran kwastomomi daga gida, ina so in dogara da manhajar kira ta kyauta amma jiya ina tsaka da magana da oga murya ta dinga yankewa har ya ce bai ji komai ba, wlh na ji kunya. Zan iya ci gaba da ita kuwa?

Amsa: Wa'alaikumussalam 'yar'uwa, gaskiya abin nan ya dame ni don aikinki ne abincinki. Sau da yawa ba manhajar ce mai laifi ba, layin intanet ɗin ne. Kiran murya bai cin data sosai, kusan kilobit 100 a sakan ya isa, abin da yake bukata shi ne layi ya tsaya cak, in jinkirin isar murya ya wuce milisakan 150 (milisakan dubu ne sakan ɗaya) sai ki ji kuna ta katse juna, kin fara magana shi ma ya fara. Ki matso kusa da rauta (na'urar da ke raba intanet a gida) ko ki jona kwamfutarki da ita ta kebul, sannan a daina kallon bidiyo a gidan lokacin aikinki.

Amma fa na kyauta ba ya miki alkawarin komai, in ya tsaya ba wanda za ki kira ki kai ƙara. Ko manhajar kira ta Skype ma kamfanin Microsoft ya rufe ta a watan Mayun 2025. WhatsApp kuma ba ya kiran lambar gaggawa, in wuta ta ɗauke rauta ta mutu shikenan. Ki ajiye layin waya da kati a gefe, ki ba oga lambar tun yau.