Amsa ga mai tambaya kan ƙaninsa ɗan dambe da ke son komawa ƙwallon ƙafa

Assalamu alaikum. Malam, na karanta tambayarka, inda ka ce ƙaninka mai shekara 17 ya daɗe yana damben zamani, amma yanzu zuciyarsa ta karkata ga ƙwallon ƙafa, kana kuma son sanin ko an taɓa samun wanda ya faro da dambe ya zo ya ci abinci da ƙwallo, ko da a ƙananan rukunai ne irin na Ingila. Na jima ina horar da matasa a wata ƙungiyar unguwa, yaran da suka fito daga dambe sun bi ta hannuna, kuma ina bibiyar ƙananan rukunan Ingila tun da daɗewa, saboda haka zan gaya maka abin da na sani ba tare da ɓoye-ɓoye ba.

An taɓa samu. Roy Keane, wanda aka haifa a birnin Cork na ƙasar Ireland a 1971, ya fara dambe tun yana ɗan shekara 9, ya kuma yi nasara a 'yan karawar da ya yi. Ƙungiyoyin Ingila sun ƙi shi da farko saboda ƙanƙantar jikinsa, sai a 1989 ya shiga Cobh Ramblers, wata ƙaramar ƙungiya a rukuni na biyu na ƙasarsu. Daga can koci Brian Clough ya saye shi wa Nottingham Forest a 1990 kan fam 47,000, bayan shekara uku kuma Manchester United ta biya fam miliyan 3.75 a kansa. Wayne Rooney ma ya yi atisayen dambe a wurin wani ɗan'uwan mahaifinsa a Liverpool kafin ya bari ya fuskanci ƙwallo. Sai dai ina roƙonka ka lura da abin da masu kawo waɗannan sunaye suke tsallakewa: a lokacin da Keane ke sa safar dambe yana buga wa ƙungiyar yara ta Rockmount wasa, Rooney kuwa yana makarantar horon Everton tun yana shekara 9. Ba daga dambe suka koyi ƙwallo ba, tare suka tashi da su biyun, daga baya suka ajiye ɗaya. Don haka tambayar farko da za ka amsa wa kanka ita ce, shin ƙaninka yana taɓa ƙwallo a kai a kai tun yana ƙarami, ko kuwa yanzu ne zai fara koyon tarbe ta?

Idan kana son ganin ainihin kamannin rayuwar ɗan wasan ƙaramin rukuni da ya taso a gidan dambe, ka dubi Leon McKenzie. Mahaifinsa Clinton ya riƙe kambun Birtaniya da na Turai, ya kuma kara da Sugar Ray Leonard a gasar Olamfik ta 1976, baffan Leon mai suna Duke kuwa ya zama zakaran duniya a ajin nauyi uku daban-daban. Leon ya zaɓi ƙwallo, ya fara a Crystal Palace a 1995, aka riƙa ba da shi aro, sai a 2000 ya sauka zuwa Peterborough a rukuni na uku, inda ya samu damar buga wasa kowane mako ya riƙa zura ƙwallaye. A Disambar 2003 Norwich ta saye shi, ya ci ƙwallo biyu a wasansa na farko a gidan abokiyar hamayyarsu Ipswich, suka hau gasar Firimiya a wannan kakar, har ya zura wa Manchester United ƙwallo a Afrilun 2005 a wasan da suka ci biyu da nema. A ƙarshen wannan kakar ta 2005 dai suka faɗo daga Firimiya. Daga nan ya tafi Coventry, rauni ya sa shi gaba har agararsa ta tsinke, sai Charlton, sai Northampton a rukuni na huɗu, sai Kettering da Corby waɗanda ke ƙasa da manyan rukunan huɗu. Shi da bakinsa ya bayyana cewa ciwon damuwa ya kai shi ga yunƙurin hallaka kansa lokacin da yake Charlton. Wannan mutum ne mai baiwa, wanda ya taka Firimiya, amma mafi yawan shekarunsa ya yi su ne yana ƙaura daga gari zuwa gari, yana jinyar ƙafa, yana jiran kwantiragi na gaba.

Haka rayuwar take a can. Ƙungiyoyi 92 ne a manyan rukunai huɗu na Ingila, guda 20 a Firimiya, 24 a kowane ɗaya daga cikin ukun da ke ƙasa, kuma waɗannan na ƙasa wasa 46 suke bugawa a kaka ban da na kofuna, sau da yawa Asabar da Talata, cikin sanyi da ruwan sama. Kwantiragin shekara ɗaya ko biyu ne aka fi bayarwa, kowane watan Mayu kuma ƙungiyoyi kan fitar da sunayen waɗanda suka sallama. Idan aka gangara ƙasa da rukuni na biyar, yawancin 'yan wasa suna da wata sana'a da rana, da yamma suke zuwa atisaye.

Game da abin da dambe zai ba shi da abin da zai hana shi, zan ba ka misalin wani yaro da ya zo mana yana da kusan shekarun ƙaninka. Ban taɓa horar da wanda ya kai shi ladabi da kiyaye lokaci ba. Yakan riga kowa zuwa fili, ya fito da igiyarsa ya yi tsalle kafin a taru, kuma idan aka bangaje shi ba ya kwanciya yana birgima, tashi yake yi ya ci gaba. Ƙafafunsa suna da sauri a ɗan ƙaramin wuri, ƙugunsa da cikinsa suna da ƙarfi, idan ya sa kafaɗa ba a ture shi. Waɗannan duk dambe ne ya ba shi, kuma su ne abubuwan da kocin ƙaramin rukuni ke so, domin a can wasan na ƙarfi ne da dogayen ƙwallaye.

Amma da aka fara raba mu gida biyu, sai matsalolin suka bayyana. Tsayuwarsa ta ɗan dambe ce, ƙafar hagu a gaba, jiki a karkace, yana kan yatsun ƙafa, idonsa kafe a ƙirjin wanda ke gabansa. An koya masa shekara da shekaru cewa abokin gaba ɗaya ne kuma a gabanka yake, alhali ɗan ƙwallo dole ya riƙa waiwaye kafin ƙwallo ta iso shi, ya san wa ke bayansa da inda zai miƙa ta. Sai ka ga an zagaye shi ta baya bai sani ba. Abin da ya fi ba mu wahala shi ne sa kai. Duk abin da ya nufo fuskar ɗan dambe, jikinsa ya saba kauce masa tun kafin ya yi tunani, shi ya sa idan aka ɗago ƙwallo sai ya sunkuyar da haɓa ya goce, ta wuce ta gefen kunnensa, kuma idan ya yi tsalle gwiwar hannunsa na tashi sama don kare fuska, alƙalin wasa ya busa masa laifi. Sai da muka koma jefa masa ƙwallo da hannu daga kusa, yana tsaye yana tarbar ta da goshi ido buɗe, watanni muna haka kafin ya daina ƙiftawa. Numfashinsa ma ya bambanta, domin damben manya wanda ba na sana'a ba turmi uku ne na minti uku-uku da hutun minti ɗaya a tsakani, ƙwallo kuwa minti 90 ce da ɗan wasa kan yi gudun kusan kilomita 10 a cikinta. Ga kuma al'adar rage abinci da ruwa don kada nauyi ya haura aji, wadda ya zo da ita, har sai da na zauna da mahaifiyarsa a kan a tabbatar yana cin abinci kafin ya fito.

Yaron nan ya tsira ne saboda ya yi ƙwallon layi yana ƙarami, ƙafarsa ba baƙuwar ƙwallo ba ce. Mun mayar da shi ɗan baya, ya buga gasar jiha, daga baya wata ƙungiya ta rukunin NLO, wato mataki na uku a Najeriya bayan NPFL da NNL, ta ɗauke shi. Ya yi 'yan kakanni ana biyansa wani wata a hana shi wani, kuma walda da ya koya a gefe ce take riƙe da gidansa a yau. Ina alfahari da shi, amma ba zan ce maka ƙwallo ta ciyar da shi ba. Wani kuma da ya zo bayansa, wanda bai taɓa wasa ba sai da ya girma, ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, amma tarbar ƙwallo ta gagare shi, na kuma ba shi shawarar ya koma dambensa tun bai ɓata shekarunsa ba.

Na ba shi wannan shawara ne domin na lura ƙofar dambe ta fi ta ƙwallo daɗewa a buɗe. McKenzie ɗin nan ya fara damben sana'a a 2013 yana shekara 35, har ya kai ga neman kambun Ingila. Curtis Woodhouse, wanda Birmingham City ta taɓa saye kan fam miliyan 1, ya bar Grimsby a 2006 yana shekara 26 ya shiga dambe ba tare da ya taɓa yin wanda ba na sana'a ba, yana yi yana kuma buga wa ƙananan ƙungiyoyi irin su Rushden & Diamonds, kuma a Fabrairun 2014 ya doke Darren Hamilton a birnin Hull ya ɗauki kambun Birtaniya. Ba ina cewa dambe abu ne mai sauƙi ba, shi ma Woodhouse ya sha kashi sau da dama kafin ya kai nan. Abin da nake nufi shi ne ƙungiyoyin ƙwallo suna tace yaransu tun suna 16 zuwa 18, wanda ya zo bayan haka yana fafatawa ne da waɗanda suka ba shi ratar shekara goma a ƙafa.

Shawarata ita ce kada ya yi sallama da kocinsa na dambe tukuna. Ka kai shi ƙungiyar da ke buga gasar da hukumar ƙwallon jiharku ta san da ita, ya yi kaka guda cikakkiya, kai kuma ka riƙa zuwa da kanka kana kallo. Kada ka dubi gudunsa ko ƙarfinsa, waɗannan yana da su. Ka dubi inda ƙwallo ke faɗawa idan ya tarbe ta, ko tana tsayawa a ƙafarsa ko tana gudu ta bar shi, ka dubi ko yana waiwaye, ka kuma dubi ko koci na sa shi a wasannin da ake tsoron rashin nasara ko kuwa sai an ci an ƙoshi ake sako shi. A wannan kakar ya dakatar da karawar da ake naushin kai a cikinta, ya bar igiya da buhun naushi kawai, domin haɗa naushi da sa kai a mako ɗaya ba alheri ba ne ga ƙwaƙwalwar matashi.

Maganar Ingila kuwa ku jingine ta a yanzu. Dokar FIFA ta hana kai ɗan ƙasa da shekara 18 wata ƙasa don wasa, in ban da wasu 'yan dalilai da aka keɓe, kuma ko ya cika shekarun sai hukumar ƙwallon Ingila ta amince kafin a ba shi izinin aiki, abin da ake aunawa da wasannin da ya buga wa ƙasarsa da matsayin gasar da ya fito. Duk wanda ya zo muku da sunan wakili yana neman kuɗin biza da na jirgi don gwaji a wata ƙungiyar rukuni na huɗu, ku nemi ya nuna lasisinsa na FIFA da takardar gayyata, sannan ku tuntuɓi ƙungiyar kai tsaye ta adireshin da ke shafinta na intanet kafin ku ba da ko sisi.